Gwajin Sinadarin ADA Wajen Gano Tarin Fuka da Cututtukan Garkuwar Jiki: Nazarin Ma'ana da Kalmomi Daga Yankin Kebbe da Tambuwal

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani gwajin asibiti da ake auna sinadarin adinosin diyaminas, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ADA, domin taimakawa wajen gano tarin fuka da wasu cututtukan garkuwar jiki. An gina nazarin bisa abin da ilimin likitanci ya tabbatar game da sinadarin, aka kuma auna shi da yadda Bahaushe ke kiran cututtukan ƙirji da ciki da mutuwar jarirai, tare da ɗaukar yankin Kebbe da Tambuwal na kudancin jihar Sakkwato a matsayin fagen misali. Maƙalar ta nuna cewa sinadari ɗaya yana ba da labari iri uku, gwargwadon wurin da aka ɗebo abin awo: hauhawarsa a ruwan ƙirji ƙaƙƙarfar alama ce ta tarin fuka, hauhawarsa a jinin jijiya alama ce mai rauni, rashinsa a jajayen ƙwayoyin jini kuwa cutar gado ce mai kashe jarirai. Saboda haka kiran gwajin da sunan "awon jini" kawai yana ɓatar da majinyaci, kuma gyaran wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshen Hausa.

Fitilun Kalmomi: tarin fuka, ADA, ruwan ƙirji, garkuwar jiki, wabi, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Tun ranar 24 ga Maris, 1882 da Robert Koch ya bayyana wa taron masana a birnin Balin na ƙasar Jamus ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, hanyar tabbatar da cutar ta kasance guda: a nemo ƙwayar a jikin majinyaci, a gan ta. Da farko ana rina kaki a duba shi a madubin likita. Daga baya aka riƙa shuka ƙwayar a ɗakin gwaji, ana jiran ta tsiro, abin da kan ɗauki mako shida zuwa takwas. A watan Disamba na 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar gadon cutar cikin abin da bai kai awa biyu ba, kuma a 2016 Nijeriya ta mayar da ita gwajin farko ga duk wanda ake zargin yana da cutar.

Duk waɗannan hanyoyi sun fi ƙarfi ne idan cutar tana cikin huhu kuma majinyaci yana fitar da kaki. Sai dai kimanin kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari na waɗanda ake rubutawa da tarin fuka a duniya, cutar tana kama su ne a wajen huhu: a tantanin da ya lulluɓe huhu, ko a ciki, ko a ƙashin baya, ko a kaluluwa, ko a tantanin ƙwaƙwalwa. A irin waɗannan wurare ƙwayoyin cutar kaɗan ne, ba kasafai ake kama su ba. Wannan giɓi shi ya sa likitoci suka koma neman sawun cutar maimakon ita kanta, kuma sinadarin ADA yana daga cikin fitattun sawun da suka samo.

Dalilin kawo wannan batu gaban manazarta Hausa shi ne, sakamakon gwaji ba ya amfanar kowa sai an fassara shi ga majinyaci da danginsa. A yawancin asibitocin ƙasar Hausa ana rubuta takarda da Ingilishi, ana bayani da Hausa. Abin da ya faɗi tsakanin takardar da bakin ma'aikacin lafiya shi ne abin da wannan maƙala ke bi.

2.0 Fagen Nazari

Kebbe da Tambuwal ƙananan hukumomi ne biyu daga cikin 23 na jihar Sakkwato, suna kuma cikin mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Sakkwato ta Kudu tare da Bodinga da Dange-Shuni da Shagari da Tureta da Yabo. An cire Kebbe daga Tambuwal a 1996, har yanzu kuma ɗan majalisar wakilai guda ke wakiltar su biyun. Ƙidayar 2006 ta ba Kebbe mutum sama da 124,000, Tambuwal kuwa sama da 224,000. Kebbe ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, kuma garuruwanta sun haɗa da Kuchi da Ungushi da Fakku da Girkau da Margai da Sangi. Noma da kiwo su ne sana'o'in mafi yawan jama'a.

Abubuwa uku suka sa yankin ya dace da wannan nazari. Na farko nisa: majinyacin da cutarsa ta gagari babban asibitin Kebbe ko na Tambuwal, sai ya bi hanyar da ta ratsa Shagari da Bodinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a birnin Sakkwato, tafiyar da ke cin kuɗin mota da na abinci da na mai jinya. Na biyu kiwo: akwai nau'in ƙwayar tarin fuka ta shanu da kan shiga jikin mutum ta hanyar madarar da ba a tafasa ba, kuma ta fi son kama ciki da kaluluwa. Na uku, yankin yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke addaba da bazara, kamar yadda aka gani a annobar 1996 da ta 2017, alhali tarin fuka ma yana kama tantanin ƙwaƙwalwa ya yi kama da sanƙarau.

3.0 Tarin Fuka a Bakin Bahaushe

Bahaushe yana sanya wa cuta suna ne bisa abin da ya bayyana gare shi: wurin da take ciwo, ko sautinta, ko abin da yake ganin ya kawo ta. Wannan tsari ya fito fili a ayyukan da aka yi kan magungunan Hausa, irin su littafin Lewis Wall na 1988 da ya ginu kan bincike a yankin Malumfashi, da rubuce-rubucen Farfesa Aliyu Muhammad Bunza. Sunan "tarin fuka", wanda Basakkwace ke furtawa "tarin huka", ya haɗa alama da mazauni: tari ne da ya shafi ƙirji da numfashi. Kalmar "fuka" ita kaɗai tana ɗaukar asma da sauran cututtukan sarƙewar numfashi, shi ya sa wasu ma'aikatan lafiya suka fi son aron nan na "tarin tibi" don kauce wa ruɗani.

Sunayen biyu duk sun ɗaure cutar da tari. Wanda ƙwayar ta kama shi a tantanin huhu yakan zo ne da suka a gefen ƙirji da zazzaɓin dare da haki, tarinsa busasshe ne ba kaki. A gida za a ce ciwon haƙarƙari ne, ko sanyi ne ya kama shi, a kai shi ga wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga. Wanda ta kama a ciki, cikinsa ya kumbura da ruwa jikinsa ya rame, za a danganta abin da hanta ko saifa, wani lokaci da sammu. Wanda ta ci masa ƙashin baya har ya yi doro, ba wanda zai tuna da tari. Ke nan cuta ɗaya a wurin likita ta zama cututtuka huɗu ko biyar a harshe, kowace da mai maganinta.

Akwai wani abu da ke ƙara ƙarfafa wannan fahimta. Ruwan da tarin fuka ke tarawa a ƙirji yakan janye da kansa bayan wasu watanni ko da ba a sha maganin asibiti ba. Majinyaci sai ya ɗauka ƙahon ne ko sassaƙen da ya sha suka warkar da shi. Binciken da Roper da Waring suka buga a 1955 kan sojojin Amurka ya nuna cewa kashi 65 cikin ɗari na waɗanda suka yi irin wannan ruwan ƙirji ba tare da magani ba, tarin fuka ya dawo musu a huhu ko wani sashen jiki cikin shekara biyar. Sauƙin da aka gani lafawa ce ta ɗan lokaci, kuma idan cutar ta dawo ta huhu, iyalin gida ne na farkon shaƙarta.

4.0 Ma'anar Sinadarin ADA

ADA yana cikin rukunin sinadaran da ake kira inzayim, wato sinadaran da halitta mai rai ke ƙerawa don su hanzarta sauya wani abu zuwa wani, ba tare da su kansu sun ƙare ba. Bahaushe ya daɗe yana aiki da irinsu ko da bai ba su suna ba. Ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi ya yi laushi, da busasshen dankali da ake niƙawa a zuba a kunun zaƙi ya tsinke ya yi zaƙi, da ruwan tumfafiya da makiyaya ke sa wa madara ta dunƙule ta zama cuku, duk aikin inzayim ne.

Aikin ADA a jiki shi ne sarrafa wani sinadari mai suna adinosin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina ƙwayoyin gado da su. Yana cire masa wani yanki ya mayar da shi inosin, a saki amoniya. Ana samun sa a kusan dukkan sassan jiki, amma ya fi yawa a fararen ƙwayoyin jini da ke aikin tsaro, musamman waɗanda ake kira limfosait. Iri biyu ne. ADA1 yana cikin kowace irin ƙwayar halitta, har da jajayen ƙwayoyin jini. ADA2 kuwa yana fitowa ne daga manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiye ƙwayoyin cuta, kuma shi ne ke rinjaye a ruwan da tarin fuka ya tara. Duk inda waɗannan dakaru suka yi cincirindo suna faɗa, yawan ADA yakan hau, kamar yadda ƙura ke tashi a inda mahaya suka yi sukuwa. Ƙurar tana nuna an yi sukuwa, ba ta faɗin sunan mahayi.

4.1 Yadda Ake Awon

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Giusti, wani masani ɗan Italiya, ya bayyana a 1974. Ana zuba ɗan ruwan da aka ɗebo daga majinyaci a cikin kwalba tare da adinosin, a ajiye a zafi daidai da na jikin mutum, wato digiri 37, na tsawon awa ɗaya. Idan akwai ADA zai saki amoniya. Sai a ƙara wasu sinadarai da ke mayar da amoniya shuɗin launi, a auna duhun shuɗin a na'urar auna launi. Duhun launi shi ne yawan sinadari, kuma ana rubuta sakamako da adadin ma'auni a kowace lita. A yau akwai haɗaɗɗun sinadarai da ake sakawa a injinan awon jini na zamani su yi aikin cikin mintoci. Gwajin ba ya buƙatar ɗakin tsaro na musamman irin wanda shuka ƙwayar cuta ke buƙata. Abin kiyayewa shi ne zafi yana rage ƙarfin sinadarin, don haka ruwan da za a ɗauka daga Kebbe zuwa Sakkwato a watan Afrilu yana buƙatar akwatin sanyi.

5.0 ADA da Ruwan Ƙirji

Tsakanin huhu da haƙarƙari akwai tantani biyu masu santsi da ɗan ruwa kaɗan a tsakaninsu. Idan wani ƙaramin gurbin tarin fuka da ke gefen huhu ya fashe cikin wannan fili, garkuwar jiki takan mayar da martani mai ƙarfi: limfosait su taru, ruwa ya cika wurin har ya danne huhu. Yawan ruwan daga martanin jiki yake, ƙwayoyin cutar da ke ciki kaɗan ne. Shi ya sa madubin likita ba ya ganin su a fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu cutar, shuka tana kama ƙasa da rabi, ita ma GeneXpert tana kuskure masu yawa a wannan ruwa duk da ƙarfinta a kaki.

A 1978 Piras da abokan aikinsa a Italiya suka ba da rahoton cewa ADA yana hawa sosai a ruwan ƙirjin masu tarin fuka. Tun daga lokacin an maimaita binciken a ƙasashe da dama, musamman Sifaniya da Afirka ta Kudu da Indiya da Barazil. Wani nazari da Liang da abokansa suka buga a 2008, wanda ya tattara bincike 63, ya nuna gwajin yana kama kimanin kashi 92 cikin ɗari na masu cutar, yana kuma wanke kimanin kashi 90 cikin ɗari na marasa ita. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce ma'auni 40 a kowace lita. Bincike a Afirka ta Kudu ya kuma nuna cewa gwajin bai rasa ƙarfinsa a masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ba.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, amma abin da ke tsamar da shi ba ɗaya ba ne. ADA yana hawa idan ruwan ƙirji ya zama mugunya sakamakon ciwon huhu, yana hawa a wani nau'in ciwon daji na kaluluwa, haka nan a amosanin gaɓɓai mai cin tantanin huhu. Saboda haka likita ba ya karanta adadin shi kaɗai. Yana duba irin fararen ƙwayoyin da suka rinjaya a ruwan: idan limfosait ne, zargin tarin fuka ya ƙarfafa, idan kuwa ƙwayoyin da ke yin mugunya ne, sai a nemi wata cuta. Yana kuma duba shekarun majinyaci da hoton ƙirjinsa da tsawon jinyarsa, ya aika da kaki a gwada ko da kaɗan ne. ADA ba ya nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa magani, wannan aikin GeneXpert ne da shuka.

5.1 Tasirin Yawan Cuta a Al'umma

Darajar sakamako ta dogara da yawan cutar a inda aka yi gwajin, kuma ɗan lissafi zai bayyana haka. A ɗauka an gwada mutum 1,000 masu ruwan ƙirji a wurin da 700 daga cikinsu tarin fuka ne ya kawo musu shi. Bisa alƙaluman da aka ambata, gwajin zai nuna 644 daga masu cutar, ya kuma yi wa 30 daga cikin sauran 300 ƙazafi. Cikin mutum 674 da sakamakonsu ya hau, fiye da kashi 95 cikin ɗari masu cutar ne da gaske. A ɗauka kuma an yi gwajin a ƙasar da 50 kacal cikin 1,000 ke da cutar. Zai kama 46, ya yi wa 95 ƙazafi, wato kusan biyu cikin kowane uku da sakamakonsu ya hau ba su da ita.

Nijeriya tana cikin rukuni na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 219 cikin kowane 100,000 ke kamuwa da cutar a shekara, ƙasar ce kuma kan gaba a Afirka wajen yawan masu ita. Don haka matashin manomi da ya zo daga Kuchi da ruwan ƙirji mai yawan limfosait da ADA sama da 40, hujjar fara masa magani tana da ƙarfi. Ga dattijo mai shekara saba'in kuwa, wajibi ne a tuna da ciwon daji. Maganin tarin fuka na wata shida ne: wata biyu ana shan magunguna huɗu, wata huɗu ana shan biyu, kuma kyauta ake bayarwa a ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa, wanda aka kafa a 1989. Magungunan suna iya taɓa hanta, saboda haka ɗora wa mutum su bisa kuskure cutarwa ce, hana mai cutar su kuma ya fi muni.

5.2 Ruwan Ciki da Ruwan Laka

Ana auna ADA a ruwan da ya taru a ciki da wanda ya taru a jakar zuciya, iyakar kuma tana kusa da ta ruwan ƙirji. A yankin da ciwon hanta ya yawaita, gwajin yana taimakawa wajen rarrabe kumburin cikin da hanta ta kawo da wanda tarin fuka ya kawo, sai dai idan cututtukan biyu suka haɗu a mutum ɗaya adadin yana iya sauka ya ɓoye gaskiya. A ruwan laka da ake ɗebowa ta ƙashin baya, iyakar tana wajen ma'auni 10. A nan gwajin ya fi rauni, domin sanƙarau na annoba ma yana ɗaga shi. Abin da ya fi rarrabewa shi ne tafiyar cutar: sanƙarau na bazara yana kayar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, na tarin fuka kuwa yana jan jiki mako biyu ko uku da ciwon kai da zazzaɓi da sauyin hali.

5.3 Jinin Jijiya

Auna ADA a jinin da aka ɗebo daga hannu ya fi sauƙi, shi ya sa aka yi ta gwada ko zai wadatar. Bai wadatar ba. Yana hawa a tarin fuka, yana kuma hawa a ciwon hanta da zazzaɓin taifod da cuta mai karya garkuwar jiki da cututtukan da garkuwa ke juyowa ta yaƙi mai ita. Kama da wane ba ta wane. A ƙasar da waɗannan cututtuka suke ko'ina, hawan adadin a jini yana nuna jiki yana faɗa da wani abu ne kurum. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani ga amfani da wasu gwaje-gwajen jini na kasuwa da ake sayarwa da sunan gano tarin fuka, saboda yawan kuskurensu. Waɗancan dabam suke da ADA, amma darasin ya shafe shi: ba a tabbatar wa mutum tarin fuka da jinin hannu kaɗai.

6.0 Rashin ADA da Mutuwar Jarirai

Ɗaya ɓangaren labarin ya fito ne a 1972, lokacin da Eloise Giblett, wata likita a birnin Siyatil na Amurka, take gwada jinin wata yarinya mai raunin garkuwa domin nema mata wanda zai ba ta ɓargo. Sai ta ga babu alamar ADA ko kaɗan a jajayen ƙwayoyin jininta. Wannan ne karo na farko da aka danganta lalacewar garkuwar jiki da rashin wani inzayim. Idan babu ADA1, abubuwan da ya kamata ya sarrafa sukan taru su zama guba ga limfosait tun kafin su nuna. Jariri yakan zo duniya lafiya a ido, cikin watannin farko sai gudawa da ciwon huhu da farin kumfa a baki su yi ta dawowa, ya ƙi girma. Ba tare da magani ba, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

Cutar ba ta da yawa, ana ƙiyasta ɗaya cikin haihuwa 200,000 zuwa miliyan ɗaya. Gadonta ake yi daga iyaye biyu masu lafiya waɗanda kowanensu ke ɗauke da ƙwayar gado guda mai naƙasa, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, kamar yadda yake a amosanin jini, wato sikila. Auren zumunta yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan iyaye. A nan awon jini shi ne gwajin da ya dace, domin a jajayen ƙwayoyi ake neman sinadarin, muddin ba a yi wa yaron ƙarin jini ba da daɗewa ba. Maganinta dashen ɓargo ne, ko allurar sinadarin da aka amince da ita a Amurka a 1990, ko gyaran ƙwayar gado. A kan wannan cuta aka fara gwada gyaran ƙwayar gado a hukumance, ranar 14 ga Satumba, 1990, a jikin wata yarinya 'yar shekara huɗu, a 2016 kuma Tarayyar Turai ta amince da maganin Strimvelis. A 2014 aka bayyana rashin ADA2, wanda ke kumbura hanyoyin jini ya jawo wa yara shanyewar ɓarin jiki.

Al'adar Hausa tana da suna ga mutuwar 'ya'ya a jere: wabi. Tana da sunayen da ake raɗa wa ɗan wabi, irin su Ajuji da Ayashe, da al'adun da ake yi don ya zauna. Mafi yawan abin da ake kira wabi zazzaɓin cizon sauro ne da gudawa da tamowa da sikila, rashin ADA ɗan ƙaramin kaso ne ƙwarai. Amma kalmar tana ɗauke da bayanin da likita ke nema. Uwar da ta ce tana wabi ta ba da tarihin iyali cikin kalma ɗaya. Wannan yana da muhimmanci domin allurar BCG da ake yi wa jarirai a Nijeriya da zarar an haife su tana ɗauke da raunanniyar ƙwaya mai rai. Kariya ce babba ga kusan dukkan yara daga tarin fuka na ƙwaƙwalwa, sai dai tana da haɗari ga jaririn da aka haifa ba garkuwa. Ma'aikacin da ya ji kalmar wabi ya tambayi shekarun yaran da suka rasu da irin ciwonsu, ya yi aikin da na'ura ba ta yi.

7.0 Batun Kalmomi

A asibiti "awon jini" ko "gwajin jini" ya zama suna ga duk abin da ake yi a ɗakin gwaji, kuma jama'a sun ɗauka jini ne madubin dukkan cuta, fahimtar da ta dace da matsayin mataccen jini a aikin ƙaho. Illar wannan iri biyu ce. Wanda aka ce za a soka masa allura a haƙarƙari a ɗebi ruwa yana iya ƙi, ya ce a ɗebi jini mana. Wanda kuma aka auna masa jini a wani shago aka ce "an ga tibi", yana iya shan magani wata shida a banza, ko ya ɓoye kansa saboda kunya.

Ƙirƙirar kalmomin lafiya a Hausa tana da tarihi. A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawarar a riƙa kiran ƙwayar HIV "karya-garkuwa", a bar "ƙanjamau" ga matakin da cutar ta bayyana. Bisa wannan tafarki, maƙalar tana ba da shawarwari kamar haka:

(a) A ari "inzayim" a rubutun ilimi, a fassara shi da "sinadarin hanzari" a bayanin baka, tare da misalin ganyen gwanda ko dankalin kunu.

(b) A kira gwajin da sunan abin da aka ɗebo: "awon ruwan ƙirji", "awon ruwan ciki", "awon ruwan laka". A keɓe "awon jini" ga neman rashin sinadarin a jarirai.

(c) A yi amfani da "tibin ƙirji" da "tibin ciki" da "tibin ƙashi" da "tibin ƙwaƙwalwa", a sauke kalmar "tari" inda babu tari, domin sunan ya daina musanta abin da majinyaci ke ji a jikinsa.

(d) A rarrabe "an gani" da "an ga alama". Na farko na GeneXpert ne da madubi da shuka, na biyu na ADA. Al'ummar da ta san bambancin shaida da hukunci a gaban alƙali ba za ta sha wuyar gane cewa ADA mai shaida ne, likita ne mai hukunci ba.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen nazarin harsunan Nijeriya da makarantar kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da asibitin koyarwa a gari ɗaya. Tantance waɗannan kalmomi da gwada su a bakin masu karin harshen Sakkwatanci a Kebbe da Tambuwal aiki ne da sassan uku za su iya haɗa hannu a kai.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sinadarin ADA daga ma'anarsa zuwa hanyar awonsa da wuraren da shaidarsa ke da ƙarfi da inda take da rauni. An ga cewa a ruwan ƙirji, a ƙasa mai yawan tarin fuka irin Nijeriya, yana cike giɓin da madubi da GeneXpert suka bari, a jinin jijiya ba ya rarrabe cuta da cuta, a jajayen ƙwayoyin jariri kuwa rashinsa ne abin nema. An kuma ga cewa sunayen da Bahaushe ya ba cututtukan ƙirji da ciki suna raba abin da likita ya haɗa, yayin da "awon jini" ke haɗa abin da likita ya raba. Sanin wurin bugu shi ne ƙira: a wannan gwaji, sanin wurin ɗiba shi ne rabin sakamako, kuma mai jinyar da ya taso daga Ungushi ko Fakku zuwa Sakkwato yana da haƙƙin a faɗa masa, da harshensa, abin da aka ɗeba da abin da aka gani a ciki.